Farin Ruwa Ba Ɗakin Ɗaukar Hoto Ba Ne

Ka ga bidiyon a TikTok, ko? Ruwa fari fat kamar hayaƙi yana zubowa daga dutse mai tsayin kusan mita 150, a Farin Ruwa da ke ƙaramar hukumar Wamba, jihar Nasarawa. Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne hanyar. Mota tana da iyakarta, daga nan sai ƙafa cikin kurmi, ga taɓo, ga duwatsu masu gansakuka.

In za ka je, don Allah ajiye silifas ɗin nan a gida. Ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, ka biya shi da kyau. Shi ya san dutsen da ke da santsi, shi ya san ruwan kan ƙaru farat ɗaya idan an tafka ruwan sama can saman Filato, ko da rana ake ƙwallawa inda kake. Da damina wurin ya fi kyau, a lokacin kuma ya fi haɗari.

Masu hawa jiƙaƙƙen dutse don selfi ne ke ba ni haushi, wallahi. In ƙafa ta zame, mabiyanka na Instagram sai dai su rubuta “Allah Ya kiyaye”. Jagoran da ka tsaya yi wa ƙwauron dubu ɗaya ne zai sauka ya ɗauko ka.