Zumunta da lakwal a ƙafa take

A ƙasar Madarunfa, watan Oktoba wata ne mai aiki biyu. A daji ana ɗaurin hatsi, ana roron wake, ana cirar gujiya. A gari kuwa ana buɗe lakwal. Daga ƙauyukan Gabi, Safo, Sarkin Yamma, Jiratawa da Ɗan Isa, yara na ɗaukar ƙunshin tufafi da ƴan tiyoyin hatsi, su nufi garin da kwaleji ko lise take, wasu har Maraɗi. Uba ya sayi littafi da alƙalami, ya danƙa yaro ga mai masauki, ya koma kai amfanin gona rumbu. Sau da yawa, daga ranar nan ba ya sake jin labarin karatun ɗanshi sai ranar da aka ce an koro shi.

Wannan shiru tsakanin gida da lakwal shi ne ciwon, kuma da kaka ya kamata a yi maganinshi.

Lokacin da yaro yake ƙaramar lakwal, malami maƙwabci ne: ana gamuwa da shi a masallaci, a kasuwa, a wurin suna. Amma da yaro ya gama shekara 6 na farko, sai hanya ta yi nisa. Kwaleji shekara 4 ce kafin jarrabawar BEPC, lise kuwa shekara 3 kafin ta Bak. Kowane darasi da malaminshi, kuma ba wanda ya san gidan yaron a cikinsu. Ana ba da maki bisa 20, wanda bai kai 10 ba ya gaza. Takardar sakamako ba ta fitowa sai an yi watanni ana karatu, kuma da Faransanci take zuwa. Idan ta iso ƙauye, yaron da aka yi wa hukunci shi ne mai karanta hukuncin, shi ne tafinta. Wane yaro ne zai fassara wa ubanshi cewa ya yi kwana 12 bai shiga aji ba?

Ba lalaci kaɗai ke fitar da yaro daga aji ba. Wani guzuri ne ya ƙare, ya shiga turin kura ko dako don ya ci. Wani ya ga tsararrakinshi suna kai da kawo a hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, suna komowa da kuɗi a aljihu. Yarinya kuwa, a gidan masauki ta zama mai ɗiban ruwa da talla, ko kuma a ƙauye an fara zancen aurenta tun da kuɗin kaka suka shigo. Duk waɗannan suna somawa a makonnin farko, a lokacin da kalma ɗaya ta uwa ko uba za ta isa ta gyara.

Kuma shekarar karatu ba ta da yalwar da za a yi wasa da ita. A 2024, ambaliyar ruwa ta sa gwamnati ta ɗage buɗe lakwal daga ranar 2 zuwa ranar 28 ga Oktoba, jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ɗalibin da ya ƙara nashi fashi a kan irin wannan jinkiri, da wuya ya cimma ƴan ajinshi.

Ba za a ce hukuma ta hana uwaye wurin zama ba. Tun dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 aka buɗe masu ƙofa. Akwai ƙungiyar uwayen yara, akwai ta mata masu kula da tarbiyya, akwai kwamitin kula da lakwal da ake kira COGES. A watan Disamba 2017 an sa hannu a kan doka ta kare ɗiya mace da tallafa mata muddin tana karatu. Sai dai a wurare da yawa taron kwamiti ya zama taron karɓar kuɗin zana da benci. Ana kiran manomi domin aljihunshi, ba a kiranshi domin ɗanshi. Wanda aka saba kira don ya biya, in ya ji kira sai ya ɓuya.

Abu uku za a iya yi, ba tare da jiran kuɗi daga Yamai ba.

Na farko, kowane darekta ya sa ranar ganawa da uwaye kafin ƙarshen Nuwamba, ya daidaita ta da ranar kasuwar garin, tun da dama ranar ce mutanen ƙauye ke shigowa. A yi magana da Hausa, aji aji, a kira mai masauki tare da uba. Masu gari da limamai su yi shela.

Na biyu, a riƙa aika wa gida ƴar takarda da Hausa kowane wata: kwana nawa yaro ya yi fashi, a wane darasi ya yi ƙarfi, a wane ya yi rauni. Layi uku sun isa. Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Harshen da ya kai wannan matsayi bai kamata ya tsaya a ƙofar lise ba.

Na uku, aiki ne na waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci. A kowane ƙauye, mutum ɗaya daga cikinsu, namiji ko mace, ya ɗauki nauyin karanta wa maƙwabta wannan takarda, ya rubuta amsa, ya riƙe lambar wayar mai kula da ɗalibai. Wanda ya koyi baƙi da girmanshi ya fi kowa sanin abin da rashinshi ke jawowa.

Malamai za su ce aji ya cika, lokaci ya yi kaɗan. Gaskiya ne. Amma layi uku a wata sun fi sauƙi bisa ga ɗaukar yaro ɗaya shekara biyu a aji guda. Uba kuma zai ce shi bai yi boko ba, mi zai gano? Manomi bai buƙatar digiri kafin ya gane gonar da haki ya ci. Ya tambayi ɗanshi ya nuna mashi littafi, ya duba ko shafuka na cika. Ya tambayi mai masauki ƙarfe nawa yaro ke fita, ƙarfe nawa yake komowa, ko yana da fitilar karatu. Yaron da ya san ubanshi na iya ɓullowa lakwal ranar kasuwa ba ya yin irin tafiyar wanda aka manta da shi.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Duk wanda zai kai wa ɗanshi hatsi bana, ya ƙara taku kaɗan ya isa ofishin darekta, ya faɗi sunanshi da na ƙauyenshi, ya tambaya. Su kuma shugabannin lakwal su shimfiɗa mashi tabarma.