Mu Kai 'Ya'yanmu Su Ga Teku

Mu Hausawan Briqueterie jikokin fatake ne. Kakanninmu sun ratsa daji da ƙafa har suka iso Yawunde, amma yau tafiyarmu ba ta wuce uku: biki, ta'aziyya, sarin kaya. Yaro zai girma tsakanin kasuwar Mokolo da tukubar mai tsire, ya kammala sakandare, bai taɓa ganin teku ba, alhali Kribi tafiyar yini guda ba ta kai ba, ta hanyar Edéa.

Wannan asara ce. Kudu da Kribi kaɗan, kogin Lobé yana zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin tekun Atlantika, abin da ba kasafai ake samu a duniya ba. Gaba, a ƙauyen Ebodjé, kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa yashi su yi ƙwai, mutanen garin na tsaronsu. Daga nan sai gandun dajin Campo-Ma'an, wanda aka kafa a 2000, mazaunin giwaye da goggon biri. Ko sunan ƙasarmu daga ruwa ya fito: Turawan Fotugal ne suka ga yalwar jatan lande a kogin Wouri, suka raɗa masa sunan da ya zama Kamaru.

Wasu za su ce babu kuɗi, wasu su ce bakin teku wurin giya ne da tsiraici. Damuwar tana da tushe, amma tana da magani. Adashin da muke zubawa don anko zai iya ɗaukar mota guda. A tafi ƙungiya, da dattijo da malami, a kafa tanti nesa da mashaya, a yi sallar asuba a kan yashi, a tarbi masuntan Batanga lokacin da kwale-kwalensu ke dawowa. Yaron da ya ji labarin su na Argungu zai ga yadda wasu ke jefa taru a ruwan gishiri. A hana yara shiga ruwa su kaɗai, a kwashe leda kafin a tashi.

Tun da tashar jiragen ruwa ta Kribi ta fara aiki a 2018, gabar tana sauya kama. Abin da ke nan yau ba lallai ya jira jikokinmu ba. Kuma wanda bai san ƙasarsa ba, da sauƙi a kira shi baƙo a cikinta. Gani ya kori ji. Hutun makaranta mai zuwa, mu shirya.