Gargaɗi Ga Masu Cewa Iska Ce

Ya ku jama'ar Sabon Gari, da ku mutanen Tsafe da Bungudu masu zuwa cin kasuwa Gusau, ku saurara.

Akwai yarinya a unguwarmu, ta bar cin tuwo har ta koma kamar sillen kara. In aka matsa mata ta ci, sai ta zaga bayan gida ta sa yatsa ta amayar. Yau ba ta da masoyi kamar uwarta, gobe ba ta da maƙiyi kamarta. Ran da ƙawarta ta juya mata baya, sai ta tsaga hannunta da reza. Mutanen gida suka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka yi bulala, aka yi ɗura. Wani ɗan boko kuma ya ce wai ciwon Turawa ne, ina talaka ya ga ta ƙin abinci?

Lalle dukansu sun ɓata hanya. Cuta biyu ce ta gamu a jiki ɗaya. Ta farko ƙin ci, wadda likita William Gull na Ingila ya raɗa wa suna tun 1873. Ta biyu ciwon hali: tsoron a yashe ta, da zuciya mai tafasa ba tsayawa. Da yunwa da amai take kwantar da wannan tafasar. Saboda haka wanda ya yi mata ƙarin ruwa kwana uku ya sallame ta, ina abin da ya warkar?

Ku sani, yawan amai yana zubar da gishirin jini da ake ce wa fotasiyam, zuciya kuwa tana iya tsayawa farat ɗaya. Ɗura ma kisa take yi ga wanda ya daɗe bai ci ba. Likita ne ke ƙara abincin kaɗan kaɗan, yana auna jini. Ciwon hali kuwa ba ƙwayar da ke raba mutum da shi. Marsha Linehan ta Amurka ta wallafa hanyar maganinsa a 1993: zama da mai ciwo mako mako, wata da watanni, ana koya mata jure ɓacin rai ba ta cuci jikinta ba.

Addu'a ba ta hana magani, amma bulala zalunci ce. Dokar mahaukata ta 1958 ta kau, sabuwar da aka sa wa hannu a 2023 ta ba mai ciwo haƙƙin magani ba da azaba ba. Ku kai ta Asibitin Tarayya na Gusau a auna jininta, sa'an nan ku roƙi a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, ko da sai an je Kware ta wajen Sakkwato. Ku faɗa masa zancen aman da na rezar duka, kada kunya ta sa ku ɓoye ɗaya.

Haza wassalam.