Kuɗin Taki Ne Kake Zuba wa Caca

Da kai nake, saurayin da ya sayar da masararsa a kasuwar Dandume, alat ya shigo waya tun ba a gama loda buhuna ba. Ka san kuɗin nan na taki ne da iri da maganin feshi na damina mai zuwa. Amma kafin ka iso Funtua ka riga ka tura wani kaso cikin Bet9ja ko SportyBet, wai Arsenal ba za ta ba ka kunya ba.

A da mai caca sai ya nemi lungu yana waige-waige. Da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a farkon 2023, kowa ya koma OPay, PalmPay da Moniepoint. An ci moriya, domin manomin Bakori ko Ƙafur ya huta da ratsa hanya da damin kuɗi a wannan zamani na 'yan bindiga. Sai dai ta wannan ƙofa kamfanin caca ya shigo har ɗakinka, ba shago, ba idon dattijo.

Kana taƙama ka san ƙwallo, su kuwa kamfanonin caca lissafi suka sani. Idan wasa rabi da rabi ne, adalci shi ne mai naira 100 ya karɓi 200 in ya ci. Sai su ce 190. Mutum biyu sun zuba 200, an biya ɗaya 190, goma ta zauna a aljihun kamfani ko wa ya yi nasara. Kai kuma ba ka tsaya a wasa ɗaya ba, sai ka jera goma a tikiti guda, wannan ragi ya yi ta hawa kan juna har ya kai kusan naira 40 cikin kowace 100. Shi ya sa kullum kukanka ɗaya ne: wasa guda ya yanke tikitin. Haka aka tsara shi! Kyautar da suke ba sabon shiga ma ba ta ciruwa sai ka sake zuba ta a caca, wanda suke tallar ya ci miliyoyi kuwa da kuɗin irinku aka biya shi.

Hukuncin addini ba ɓoyayye ba ne, yana nan a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta ce jihohi ke da ikon tsara harkar caca, Hisbar Kano kuma ta rufe shagunan caca. To, wace Hisba ce za ta shiga wayarka da tsakar dare?

Ku ma iyaye a Malumfashi da Danja kuna da laifi. Kun miƙa wa yaro cinikin amfanin gona don shi ya iya waya, ba ku taɓa cewa ya buɗe asusun ku ga shige da ficen kuɗin ba. Sai ruwa ya sauka, gona na jiran taki, a ce muku kuɗin sun maƙale a banki, ku kuma ku tafi neman bashi wurin dillali da alƙawarin masarar da ba a ko shuka ba.