Ba Yaren Ibo Ne Ya Ɗaure Wa Ɗanka Harshe Ba

Ya ku 'yan'uwa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu, ku daina yarda wai jin Hausa a gida da Ibo a waje ke hana yaro magana. Yaro lafiyayye yakan tashi da harshe biyu ba wahala. Masu laifin su ne kunne mai zubar da mugunya, da sanƙarau, da ƙyanda, da shawarar jarirai, da haihuwar bakwaini, da barin yaro da waya ba mai yi masa hira. Wanda bai ji ba, me zai kwaikwaya? In ɗanka ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, bar cewa gado ne. Kai shi asibiti a auna jinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.