Sankarar hanta: allura a madadin wuƙa

Bayan aikin fiɗa, sankarar hanta takan komo wa har mutum 7 cikin 10 kafin shekara 5. Wani lokaci sabon ƙarin yakan ɓuya ƙarƙashin huhu ko dab da hanji, inda sake fiɗa ke da haɗari. Yau likitoci suna soka siririyar allura, na'urar hoto tana yi musu jagora, su ƙone ƙarin da zafi. Idan hanji ya matso, sai su ɗura ruwa tsakani domin kare shi.

Amma dabarar ta fi ci ga ƙarin da bai wuce santimita 3 ba. Saboda haka kada majinyaci ya yanke zuwa awo, hukumomi kuma su wadata asibitocin jihohi da na'urorin hoto.