Gonar Nabot da gonakin Bakolori: Adalci a koyarwar Kirista da abin da coci zai iya yi a Zamfara

Matafiyin da ya taso daga Gusau ya nufi Sakkwato da rani, idan ya iso Talata Mafara zai tarar da shinkafa da kayan lambu kore shar, alhali ƙasar da ya baro ta bushe ƙayau. Ruwan madatsar Bakolori ne, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato domin shayar da kimanin hekta 23,000 a yankunan Talata Mafara da Bakura da Maradun. Waɗannan garuruwa uku kuma su suka haifi uku daga cikin gwamnonin farar hula biyar da Zamfara ta yi tun 1999: Ahmad Sani Yariman Bakura, da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Ga ruwa, ga ƙasar noma, ga mulki. Duk da haka, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 sun nuna kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen jihar suna cikin talauci.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo Kirista cikin wannan zance, tunda a nan 'yan tsiraru ne? Akasarinsu 'yan kasuwa ne da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da jami'an tsaro da ɗalibai, ba masu gona ba. Dalilin shi ne, a littafin da suke karantawa duk Lahadi akwai wani labari da ya yi kama da tarihin wannan kwari, kamar an tsaga kara.

Labarin yana cikin Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura ta 21. Wani talaka mai suna Nabot yana da gonar inabi daf da fadar Sarki Ahab. Sarki ya so ya mai da ita lambu, ya yi masa tayin wata gonar da ta fi ta, ko kuma kuɗi. Nabot ya ƙi, domin gadon iyaye da kakanni ne. Matar sarki, Yezebel, ta sa aka nemo shaidun zur, dattawan gari suka zartar da hukunci, aka jefe shi har lahira. Ranar da sarki ya shiga gonar don ya mallake ta, sai ya yi kaciɓis da Annabi Iliya, wanda ya gaya masa ido da ido cewa ya yi kisa kuma ya yi ƙwace. Abin lura, Ahab ya fara da tayin diyya, kuma an bi ta gaban alƙalai. Labarin bai ɗauki ko ɗaya cikin biyun a matsayin wanke hannu ba.

Manoman Bakolori ba su ma sami ladabin da aka yi wa Nabot da farko ba. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tafkin ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka tayar da dubban mutane. A ƙasan madatsar kuma aka sare itatuwa, aka baje gonaki don daidaita su da magudanun ruwa, manoma suka yi damuna bayan damuna ba su shuka ba. Diyya ta yi jinkiri, wasu ta zo musu ba ta kai ba, wasu ba ta zo ba sam. Waɗanda ke noman fadama can gaba su ma suka rasa ambaliyar da ke jiƙa musu ƙasa kowace shekara. Da tura ta kai bango, manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Masana irin su Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman sun rubuta a kan lamarin, amma yaran da ke sayen shinkafar Mafara yau kaɗan ne suka taɓa jin labarin.

A nan ne koyarwar Littafi Mai Tsarki ke da abin cewa, domin adalcin da take magana a kai na ƙasa ne da lada da mudu. Littafin Firistoci ya ce ƙasa ta Allah ce, mutane baƙi ne a cikinta, saboda haka ba a sayar da gona har abada. Duk shekara ta 50 gonar da talauci ya sa aka sayar za ta koma ga zuriyar mai ita. Ya hana mai gona girbe gefen gonarsa ko komawa ya tsince abin da ya zube, domin wannan rabon matalauci ne da baƙo. Maimaitawar Shari'a ta hana kwana da ladan ɗan ƙodago. Annabi Amos, wanda makiyayi ne, ya tsine wa 'yan kasuwar da ke rage mudu su ƙara farashi, har ya ce Allah ba ya son bukukuwan ibadar mutanen da ke danne talaka a wurin shari'a. Duk waɗannan ba a kawo su a matsayin alherin da mai hali zai yi in ya ga dama ba. An kawo su ne a matsayin haƙƙi, wanda hana shi sata ce. Masana na muhawara kan ko an taɓa aiwatar da dokar shekara ta 50 ɗin, amma manufarta a fili take: kada rashin sa'ar uba ta zama talaucin jikoki.

Kiristoci kansu ba su haɗu a kan fassara ɗaya ba. Akwai masu wa'azin wadata, wanda marigayi Benson Idahosa na Benin ya yi fice da shi, masu cewa arziki alamar albarka ce ga mai bangaskiya da bayarwa. Suna da hujjarsu: Ibrahim da Ayuba masu dukiya ne, kuma Bulus ya tsawata wa masu ƙin aiki. Ba a raina wa'azin da ke hana mutum zaman kashe wando. Sai dai idan aka ɗora wannan ma'auni a kan Bakolori, sakamakon ba ya da daɗi: manomin da ruwa ya ci gonarsa ya zama mai raunin bangaskiya, wanda ya saye gonar maƙwabcinsa da arha lokacin yunwa kuma ya zama mai albarka. Akwai kuma masu ganin aikin coci ceton rai ne da taimakon mabukata, sauran kuwa siyasa ce. Su suka gina asibitoci da makarantu da yawa a Arewa, kuma babu mai musun amfanin haka. Amma Iliya bai kai wa iyalan Nabot buhun hatsi ba. Gonar ya tafi, ya tari sarki.

Ɗariƙar Katolika ce ta fi tsara wannan a rubuce. Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa kan haƙƙin ma'aikata da lada mai isa, kuma Paparoman da aka zaɓa a Mayun 2025 ya ɗauki sunan Leo na 14 yana mai nuni ga wannan tarihi. Zamfara tana ƙarƙashin Bishof Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, wanda saƙonsa na Kirsimetin 2020 ya girgiza fadar shugaban ƙasa. To amma abin da bishof zai faɗa daga Sakkwato, jaridu su ɗauka, ba shi ne fasto ko katikis na Talata Mafara zai iya faɗa ba. Mutanen garin ba su manta da tarzomar Agustan 2016 ba, wadda ta taso daga zargin ɓatanci ta ci rayuka 8. Ikkilisiyar da ke lallaɓa zamanta ba za a zarge ta da rashin ɗaga murya ba.

Yau masu ƙwacen gona sun canza kama. 'Yan bindiga na sa wa ƙauyuka haraji kafin shuka da kafin girbi. A 2021 kaɗai an sace 'yan matan Jangebe 279, an sace ɗalibai a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, an kuma sace wasu a Kaya ta Maradun. Manomin da ya gudu gari da iyalinsa, ko yake neman kuɗin fansa, yakan sayar da abin da ya rage masa a farashin da mai saye ya ga dama. A gefe guda an kashe kuɗi wajen gyaran magudanun Bakolori ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, abin da ke ƙara wa gonar da ruwa ke kaiwa daraja. Idan gona na ƙara daraja daidai lokacin da mai ita ya fi kowa matsuwa, ba sai an yi duba ba kafin a san hannun da za ta faɗa. Masu sayen kuwa ba baƙi ba ne. 'Yan kasuwa ne da ma'aikata irinmu, Musulmi da Kirista.

A ganina, abin da cocin yankin zai iya yi ƙarami ne amma ba banza ba ne, kuma daga cikin gida zai fara. Shin malamin makarantar coci da maigadinta suna karɓar abin da ya kai mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa a doka a 2024, kuma a kan lokaci? Shin mai shagon magani da ke kan gaba wajen baiko ana tambayarsa ingancin abin da yake sayar wa 'yan gudun hijira? Bayan wannan, Katolika na da hukumar adalci da ci gaba da zaman lafiya mai lauyoyi da ma'aikata, wadda za ta iya taimaka wa manomi, ko wane ne shi, ya rubuta shaidar gonarsa da shaidu kafin ya gudu, ko ya ba da ita jingina maimakon sayarwa.

Wannan ba zai yiwu ba sai da malaman Musulunci da sarakunan Mafara da Bakura da Maradun, domin su manoma ke saurara. Ba kuma sabon harshe za a koya musu ba: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma cikin laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan zamaninsa har da ƙwace dukiyar talakawa da harajin zalunci. Ƙungiyar CAN da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar na iya farawa da tambaya ɗaya ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima: a buga sunayen masu riƙe da gonakin da aka gyara wa ruwa, a liƙa a kowace gunduma, a ga nawa ne har yanzu ke hannun 'ya'ya da jikokin waɗanda aka tayar kafin 1980.